Waliyyi Bilasiyus, Likita kuma Bishop: Majiɓincin Masu Ciwon Maƙogwaro

A kowace shekara ranar 3 ga watan Fabrairu, kashegarin Idin Miƙa Ubangiji a Haikali, Ikkilisiyar Katolika takan tuna da Waliyyi Bilasiyus, wanda masu jin Turanci suka sani da suna Blaise. A ranar ne firist yakan ɗauki kyandirori biyu da aka tsarkake, ya gicciya su, ya ɗora a wuyan kowane mai bi, yana roƙon Allah ya tsare shi daga ciwon maƙogwaro da kowace irin cuta ta wurin roƙon wannan waliyyi. A wurinmu ranar takan faɗo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura da sanyi suka cika gidaje da tari da mura, saboda haka layin masu karɓar albarka yakan kai har bakin ƙofar majami'a. Amma in aka tsai da mutum goma a cikin layin nan aka tambaye su ko wane ne Bilasiyus, da wuya a sami biyu da za su amsa. Ya kamata mu san mutumin da muke kiran sunansa a kan wuyanmu.

Bilasiyus ya yi zamansa a Sebaste, wani birni na ƙasar Armeniya Ƙarama a ƙarƙashin daular Rum. Birnin yana nan har yau a tsakiyar ƙasar Turkiyya, ana kiransa Sibas. Ƙasa ce mai duwatsu da sanyi mai tsanani, kuma ta sha jinin Kirista ƙwarai a farkon ƙarni na 4. A nan ne, wajen shekara ta 320, aka tsai da sojoji Kirista 40 tsirara a kan tafki mai ƙanƙara har suka mutu, waɗanda Ikkilisiya ke kira Shahidai Arba'in na Sebaste. Bilasiyus ya riga su da 'yan shekaru, gama an ajiye shahadarsa a wajen shekara ta 316.

Mai lura zai ga abin mamaki a wannan lissafi. A shekara ta 313 ne sarakunan Rum biyu, Kwanstantin da Lisiniyus, suka daidaita a birnin Milan cewa a bar Kirista su yi sujada a sake. To, yaya aka kashe bishop bayan shekara uku? Abin da ya faru shi ne, sarakunan nan biyu ba su daɗe da shiri ba. Lisiniyus ne ke riƙe da gabashin daular, inda Sebaste take, kuma da gaba ta shiga tsakaninsa da Kwanstantin sai ya soma kallon Kirista a matsayin mutanen abokin gabarsa. Dokar da aka rubuta a fada dabam, abin da gwamna ke aikatawa a lardi mai nisa dabam. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san sha'anin mulki.

An rubuta cikakken labarin rayuwarsa ne bayan rasuwarsa da kusan shekara 400, don haka Ikkilisiya tana riƙe da abu biyu da ƙarfi, wato shi bishop ne na Sebaste kuma ya mutu shahidi, sauran kuwa tana ba da su a matsayin labarin da aka gada daga bakin masu bi. Labarin gadon nan ya ce Bilasiyus likita ne tun kafin a naɗa shi. Jama'ar birnin sun san hannunsa a kan marasa lafiyarsu, sun san halinsa, shi ya sa da kujerar bishop ta zama babu kowa suka zaɓe shi, kamar yadda al'adar Ikkilisiya take a wancan zamani. Wannan batu na likitanci muna so a riƙe shi da kyau, domin shi ne mabuɗin dukan abin da za mu faɗa.

Da tsanani ya ƙaru, sai ya fita daga birni ya shiga wani kogo a Dutsen Argeyus, yana addu'a. Aka ce namomin jeji masu rauni sukan zo bakin kogon ya yi musu jinya. Wata rana maharban gwamna Agirikola, waɗanda aka aika su kamo namun daji domin filin wasan da ake jefa wa mutane zakoki, suka iske dabbobi kwance a bakin kogo, suka leƙa suka ga tsoho durƙushe. Suka kama shi suka nufi birni da shi.

A kan wannan hanya ne abubuwa biyu da aka fi tunawa da shi suka faru. Wata mace ta tare su a guje da ɗanta a hannu, ƙayar kifi ta maƙale masa a maƙogwaro, numfashi yana neman ɗaukewa. Ta ajiye yaron a ƙafafun fursunan. Bilasiyus ya ɗora masa hannu ya yi addu'a, ƙayar ta fita, yaro ya rayu. Mutumin da ake ja zuwa wurin mutuwarsa ya tsaya domin ciwon ɗan wata, kuma ba mu ga laifin masu bi da suka ƙi mantawa da wannan ba har ƙarni 17. Na biyun kuwa wata gwauruwa ce matalauciya wadda kyarkeci ya ɗauke mata alade, shi ke nan dukiyarta. Bishop ya umarci kyarkecin, ya maido da dabbar da ranta. Da aka jefa Bilasiyus cikin kurkuku mai duhu, ita wannan gwauruwa ce ta riƙa kawo masa abinci, ta kuma kawo masa kyandirori don ya sami haske. Daga nan ake danganta asalin kyandirori biyun da ake sa mana a wuya. Kyautar matalauciya ce ta zama alamar waliyyi, abin da Zumuntar Mata Katolika za su iya yin alfahari da shi.

Gwamna ya nemi ya miƙa hadaya ga gumaka, ya ƙi. Aka yi masa bulala, aka rataye shi aka tsattsage naman jikinsa da matsefin ƙarfe irin wanda ake sharce gashin tumaki da shi, a ƙarshe aka fille masa kai.

Sunansa bai tsaya a Armeniya ba. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da suka ambace shi ba littafin addu'a ba ne, littafin magani ne. Ayetiyus mutumin Amida, wani babban likita na ƙarni na 6, yana bayanin yadda ake fitar da abin da ya maƙale a maƙogwaro, sai ya haɗa da kiran sunan Bilasiyus. Ikkilisiyoyin Gabas suna idinsa ranar 11 ga Fabrairu. A Turai ya zama ɗaya daga cikin waliyyai 14 da ake kira Mataimaka Masu Tsarki, waɗanda jama'ar Jamus suka riƙa neman roƙonsu tun ƙarni na 14, zamanin babbar annoba. Masu sana'ar ulu a Ingila sun ɗauke shi majiɓincinsu saboda matsefin nan na ƙarfe. Birnin Dubrobnik na ƙasar Kuroshiya yana bikinsa tun shekara ta 972, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. Har Faraguwai a Kudancin Amurka tana kiransa majiɓincinta.

Cikin masu ciwon wuya da suka riƙa durƙusawa a gaban kyandirorin nan a Turai akwai masu maƙoƙo, wato kumburin nan na gaban wuya da mu ma muka sani sarai. A ƙauyukan duwatsun Alfs, a Suwizalan da Ostiriya da arewacin Italiya, maƙoƙo ya yi yawa har masu zanen majami'u sukan zana mutanen ƙauye da shi kamar wani ɓangare ne na halittarsu. A waɗannan ƙauyuka kuma akan haifi yara da yawa da ba sa girma, ba sa ji sosai, hankalinsu bai cika ba. Ɗaruruwan shekaru ana addu'a, ana zargin ruwan ƙanƙara, ana zargin iska, ana zargin zunubin iyaye.

Amsar ta zo ta hanyar da ba wanda ya zata. A 1811 wani Bafaranshe, Barnad Kurtuwa, ya gano wani sinadari a cikin tokar ciyawar teku, shi ne aidin. A 1820 likita Kwande na birnin Janeba ya soma ba masu maƙoƙo aidin, kumburin da yawa daga cikinsu ya ragu. Daga baya aka gane cewa a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiransa tayirod, wanda ke haɗa sinadarin da ke daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da girman yaro da ƙwaƙwalwarsa. Ba ya iya wannan aiki sai da aidin. In abinci da ruwan wuri ba su da shi, kamar yadda yake a ƙasashen duwatsu da wuraren da ke nesa da teku inda ruwan sama ya wanke shi daga ƙasa, sai naman nan ya yi ta kumbura yana neman abin da babu. Tiyodo Koha, likitan fiɗa na birnin Ban, ya sami lambar Nobel a 1909 saboda aikinsa a kan wannan ɗan nama. A 1922 Suwizalan ta soma sa aidin cikin gishiri, kuma cikin tsara guda aka daina haihuwar yara irin waɗancan a ƙauyukanta. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci a 1993.

Wani zai ce, ashe gishiri ne ya yi aikin, ba waliyyi ba. Mu ba mu ga wurin gardamar ba. Littafin Sirak, a sura ta 38, ya umarci mai bi ya girmama likita, ya ce Ubangiji ne ya halicci magunguna daga cikin ƙasa kuma mai hankali ba ya rena su. A cikin surar guda ya ce mara lafiya ya yi addu'a, sa'an nan ya ba likita wuri. Wanda ya sa aidin cikin teku, shi ne wanda ake roƙo ranar 3 ga Fabrairu. Bilasiyus da kansa ya riƙe sandan bishop da hannun da ya saba taɓa marasa lafiya, ba kuwa za mu girmama likita ta wurin ƙin zuwa asibiti ba. Albarkar maƙogwaro roƙo ce ta Ikkilisiya. Ba laya ba ce, kuma wanda ya ɗauke ta kamar laya, ya karɓa ya koma gida da kumburinsa shekara bayan shekara, bai fahimci abin da aka yi masa ba.

Mu firistoci muna cikin 'yan kaɗan da ke duban wuyan dukan jama'ar Ikkilisiya ɗaya bayan ɗaya a rana guda, saboda haka muna ganin abin da gyale da ɗankwali ke rufewa sauran kwanakin shekara. Mata ne abin ya fi kamawa, musamman 'yan mata masu tasowa da masu juna biyu. Muna jin ana cewa sammu ne, ko maita, ko an yi wa mace baki. Muna jin an fasa neman aure saboda shi. Mun kuma san akan kai wasu wurin wanzami a tsaga wuyan ko a yi masa sakiya. Wannan na ƙarshe haɗari ne babba, domin manyan jijiyoyin jini suna bi ta gefen wurin, tsagar kuma ba ta taɓa tushen ciwon.

Abin da jiki ke bukata ɗan kaɗan ne ƙwarai: maikirogiram 150 a rana ga babba, 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Duk abin da mutum zai ci na aidin tsawon ransa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Amma rashin wannan ɗan kaɗan a lokacin da jariri ke ciki yana iya rage masa basira har iyakar ransa, ko da uwar ba ta da kumburin da ido ke gani. Inda rogo ne babban abinci kuma ba a jiƙa shi a sarrafa shi sosai, abin yakan ƙara muni, domin ɗacin rogo yana hana tayirod ɗaukar aidin ɗin da ya samu.

Sai dai kada a ɗauka kowane maƙoƙo daga rashin aidin yake. Akwai wanda tayirod ɗinsa ke aiki fiye da kima: zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi ba dalili, yana ci yana ramewa, wani lokaci idanu su firfito. Akwai wanda nasa ya yi sanyi: kasala, jin sanyi ko da bazara, ƙiba, bushewar fata, mantuwa, har a riƙa ce wa mace ragguwa alhali ciwo ne. Gwajin jini ne ke rarrabe su, kuma dukansu suna da magani, wani ƙwaya ce guda kowace safiya, wani sai an yi fiɗa. Gishiri ba ya narkar da tsohon kumburi da ya riga ya yi ƙullutu. In kuwa ƙullutun yana da tauri, ko yana girma da sauri, ko murya ta dushe ba ta komawa, ko haɗiya da numfashi suna wuya, wannan ba abin jira ba ne har a gama girbi ko a sayar da akuya. A tafi asibiti a makon.

Muna roƙon katikis na kowane ƙauye da shugabannin Zumuntar Mata su karanta wa jama'a wannan tarihi a Lahadin da ke gaban idin. In firist ya ja wani gefe bayan albarka ya yi masa maganar wuyansa, kada a ɗauka tonon asiri ne, 'yan'uwa kuma su taimaka da kuɗin mota da rakiya zuwa asibiti. Mata masu cefane su duba jikin leda su tabbata an rubuta gishirin yana da aidin, domin wanda ake aunawa a buɗe a kasuwa, rana na dukansa, yakan rasa nasa. A gida a zuba shi cikin gwangwani ko kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu da laima, a kuma sa shi a miya dab da saukewa.