Albert Koebele: Mutumin Da Ya Yaƙi Ƙwaro Da Ƙwaro

An haifi Albert Koebele ran 28 ga watan Fabrairu 1853 a garin Waldkirch, cikin ƙasar Jamus. Tun yana saurayi ya yi ƙaura zuwa Amurka, inda ya duƙufa ga tara ƙwari iri iri da nazarin halayensu. Cikin 1881 Charles Riley, babban masanin ƙwari na Ma'aikatar Gona ta Amurka, ya ga aikinsa, ya yaba, ya ɗauke shi aiki. Cikin 1885 aka tura shi Jihar Kalifoniya.

A zamanin nan kuwa manoman lemo na jihar suna cikin tsaka mai wuya. Wani ɗan ƙwaro mai farin gashi kamar auduga ya shigo musu daga Ostareliya, yana manne wa rassa yana tsotse ruwan itace har ya bushe. An yi feshi, an yi turare, abin ya faskara, har waɗansu suka fara tumɓuke gonakinsu.

Riley ya lura cewa a Ostareliya ƙwaron nan ba ya ɓarna mai yawa, ya ce lalle akwai abin da ke cinsa a can. Amma doka ta hana ma'aikatansa tafiya ƙasashen waje da kuɗin ma'aikatar. Sai aka yi dabara, aka sa Koebele cikin wakilan Amurka zuwa bikin baje kolin da aka yi a birnin Melbourne cikin 1888.

Can ya tarad da wani ɗan mitsitsin ƙwaro ja da baƙi, mai ƙoƙon baya, wanda ake kira Vedalia, shi da tsutsarsa duk ba su da abinci sai maɓarnacin nan. Daga Nuwamba 1888 zuwa farkon 1889 ya aika da guda 514 ta jirgin ruwa. Aka hayayyafa su a Los Angeles, aka rarraba wa manoma. Kafin shekara ta kewayo annobar ta kwanta, lemon da ake fitarwa daga yankin ya tashi daga tarago 700 zuwa 2,000. Manoma suka yi masa kyautar agogon zinariya.

Cikin 1893 ya koma tsibiran Hawai, ya yi ta nemo wa manoman rake abokan gaban ƙwarin da ke damunsu. Da lafiyarsa ta raunana sai ya koma Jamus, ya rasu a garin haihuwarsa ran 28 ga Disamba 1924.

Bayan rasuwarsa aka ƙara sanin darajar aikinsa. Wajen 1946 manoman Kalifoniya suka fara fesa DDT, maganin ya karkashe Vedalia, nan da nan tsohuwar annoba ta dawo.

Wannan abin lura ne ga manoman rani na Kura da Bunkure da Dawakin Kudu. 'Yan'uwan ƙwaron nan, masu jan baya da ɗigon baƙi, suna nan cikin gonakin alkama da wake da kayan lambu, suna cin darɓa. Manomin da ya yi feshi ba tare da ya duba ganye ba, yakan kashe mai gadin gonarsa tare da ɓarawon, ɓarawon kuwa shi ke fara dawowa. Wajibi ne malaman gona su koya wa manoma rarrabe su.