Taƙaitaccen Tarihin Likita Mila da Tsohuwar Majami'ar Wusasa

A wannan biki na cikar ikkilisiyarmu shekara 50, ya kamata mu waiwayi waɗanda suka share gona kafin mu zo mu yi girbi. Ɗaya daga cikinsu shi ne bawan Allah Walter Miller, wanda iyayenmu suka sani da suna Likita Mila.

An haife shi a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya taka ƙasarmu, sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can.

A shekarar 1900 ya shigo Arewa cikin ayarin mutum 5 ƙarƙashin Bishop Tugwell. Sun kai Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Suka komo Girku, inda ɗayansu ya rasu, ciwo kuma ya addabi sauran. Duk da haka Likita bai karai ba. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara.

Shekaru suka wuce, masu ba da gaskiya ba su taka kara sun karya ba. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano, suka zo wurinsa suna neman ƙarin sani a kan Isa Almasihu. Aka kafa musu mazauni a Gimi. Amma ciwon barci ya faɗa wa garin, mutane da yawa suka mutu, sauran suka watse. Wannan babban gwaji ne ga Likita da ƙaramar ikkilisiyar.

A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa ƙauyen Wusasa, a gindin dutse. Likita bai so barin birni ba, gama can ya zuba ƙuruciyarsa. Ya bar aikin Wusasa a hannun Rabaran Guy Bullen, shi kuwa ya duƙufa kan fassara. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, kuma shi ne ya ɗauki mafi nauyin aikin.

A Wusasa ne aka gina Majami'ar St. Bartholomew, mai suna ɗaya da asibitin da ya horar da Likita. Ba a kwaikwayi majami'un Turai ba. Magina Hausawa ne suka tashe ta da jar ƙasa, yadda ake gina soron sarki. Bangonta mai kauri ne, shi ya sa cikinta ke da sanyi ko da bazara. A irin wannan gini ana jera azara ta itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗaɗɗaure ta cikin laka ta zama bakan gizo, shi ke ɗauke da nauyin rufi. Bahaushen da ya shiga ya san ya shiga ɗakin gida, bishara kuma ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Daga aikin Zariya da Wusasa aka sami mutane kamar Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon wanda ya girma a can. Likita Mila ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, ya huta cikin Ubangiji a 1952.

'Yan'uwa, kowa ya san ginin ƙasa ba ya tsayawa don kansa. In damina ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, ruwa zai sami ƙofa. Haka ikkilisiya take. An bar mana Littafi cikin harshenmu, amma yau da yawa cikin 'ya'yanmu ba sa iya karanta shi. Idan muka bari ya kuɓuce a hannunmu, me za mu miƙa wa waɗanda za su yi bikin shekara 100? Ubangiji ya ba mu aminci irin na magabatanmu. Amin.