Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Nauyin Zuciya

Ya kai mai karatu, in ka taso daga Shagari za ka Sakkwato, sai ka ratsa Bodinga, inda Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu, ya taɓa zama. Masani ne mai zurfi, ba ya sassauta wa kansa, ba ya kuwa iya kau da ido ga aibin kowa.

Cikin shekara ta 1807, ana tsakiyar jihadi, ya ga mutane sun karkata ga ganima da sarauta. Abin da ya gani gaskiya ne, amma baƙin ciki ya danne shi har zama da su ya gagara. Ya bar runduna, ya nufi Makka. Ka lura, ɗan'uwa, gama kai ma za ka iske masu tuntuɓe cikin ikilisiya, wata rana kuwa kai ne mai tuntuɓen. Wanda ba ya jimre wa wannan, kaɗaici ke jiransa.

Da ya isa Kano, sai ya tarar da irin abin da ya gudo wa. Mutanen birni suka roƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, sa'an nan ya komo wurin waɗanda ya bari. Ya rasu a Gwandu cikin 1829.