Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Makarantar Alƙalai

An haifi Marigayi Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero a shekarar 1881, ɗa ne ga Sarki Abbas. Ya riƙe sarautar Ciroman Kano, sannan ya hau gadon sarauta a 1926, ya zauna a kai har Allah ya karɓi ransa a 1953. Mu mutanen Zawaciki mun fi tuna shi da aikin ruwan famfo na Challawa, wanda aka yi a zamaninsa a maƙwabtanmu. Amma babban gadon da ya bari shi ne tarbiyyar alƙalai.

Kafin zamaninsa, mai neman ilimin shari'a a zauren malami yake samunsa, kowa da gwargwadon abin da ya tarar. A 1928 aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci, wadda Walin Kano Sulaimanu ya tsaya mata. A 1934 kuma aka kafa Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a nan Kano, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. Ɗalibanta sun zurfafa a fiƙihun Malikiyya, wanda ya tanadi ƙa'idojin sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara, da tantance shaidu, da rantsuwa, da rabon gado, da kuma babin sulhu. Alƙalin da ya ƙoshi da wannan karatu ya san cewa hukunci yana yanke magana, amma sulhu ne ke barin 'yan uwa suna gaisawa bayan an tashi.

A 1947 makarantar ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Cikin waɗanda ta yaye akwai Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Sunan Sarkin ne kuma Jami'ar Bayero take ɗauke da shi.

'Yan uwa mazauna birane, tun da masana'antu suka matso gonakinmu, ƙasa ta yi daraja, rigimar gado da ta iyaka ta shiga gidaje da dama. Kafin mu kai ɗan uwa kotu, mu fara da mai unguwa da dagaci da malamai masana rabon gado. Mu kuma tura 'ya'yanmu karatun shari'a, domin garin ya samu masu sasanta shi daga cikin gida.

Allah ya jiƙan Sarki Alhaji, ya kyauta namu ƙarshen, amin.