Benjamin Graham: Marayan da ya koya wa duniya sayen hannun jari

Idan kana cikin masu buɗe waya da asuba don duba ko kasuwa ta yi kore ko ja, ko kuma wani aboki ya dame ka da zancen ETF, to ya kamata ka san wannan dattijon. Ya rasu sama da shekara 16 kafin ETF na farko ya fito a Amurka, amma yawancin shawarwarin da ake ba sabon shiga a yau daga littafinsa aka kwaso su.

An haifi Benjamin Graham a Landan a 1894, iyayensa suka koma New York yana jariri. Mahaifinsa ɗan kasuwar tangaran ne, gidan akwai rufin asiri. Bai cika shekara goma ba uban ya rasu, kasuwancin ya durƙushe. Mahaifiyar ta ciwo bashi ta sayi hannun jari da fatan farfaɗowa, sai kasuwa ta rushe a 1907, ɗan abin da ya rage ya tafi. Ka riƙe wannan, domin yaron bai taɓa mantawa ba.

Kai kuwa yana ja. Ya gama Jami'ar Columbia a 1914 yana ɗan shekara 20, har sassa uku suka nemi ya tsaya ya koyar: lissafi, falsafa da Turanci. Ya ƙi, saboda gida na buƙatar kuɗi. Ya tafi Wall Street ya fara da albashin dala 12 a mako.

A lokacin mutane da jita-jita suke saye, kamar dai yadda ake yi a guruf-guruf ɗinmu na Telegram. Shi kuma sai ya zauna yana karanta rahotannin kamfanoni da kowa ke ƙyuyar buɗewa. A 1926 ya gano kamfanin bututun mai na Northern Pipeline yana ajiye da takardun lamuni da darajarsu ta kai kusan dala 95 a kan kowane hannun jari, alhali ana sayar da hannun a dala 65. Ya saya, ya yi ta fafatawa da shugabannin kamfanin har sai da suka raba wa masu hannun jari kuɗin.

Kada ka ɗauka daga nan shi ke nan. Shi ma bashi ya ja shi. Daga 1929 zuwa 1932 asusun da yake juyawa ya yi asarar kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma a ciki akwai kuɗin 'yan uwa da abokai. Ramin da mahaifiyarsa ta faɗa, shi ma ya faɗa, duk da iliminsa. Ya yi shekaru yana aiki kusan kyauta kafin ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Daga wannan raɗaɗin littattafansa suka fito: Security Analysis a 1934 tare da David Dodd, sai The Intelligent Investor a 1949. A na biyun ya kwatanta kasuwa da wani abokin hulɗa mai taɓin hankali da ke zuwa ƙofarka kullum da farashi. Yau yana murna ya tsawwala, gobe yana kuka ya karyar. Babu wanda ya tilasta maka amsa masa. Sannan ya ce ka sayi abu ƙasa da ainihin darajarsa sosai, ta yadda ko ka yi kuskuren lissafi ba za ka nutse ba.

Abin da ya fi shafarka shi ne shawararsa ga wanda ba shi da lokaci ko ilimin bincike, wato ni da kai. Ya ce ka rarraba kuɗinka a manyan kamfanoni da yawa. Ka riƙa zuba adadi ɗaya duk wata, ko kasuwa ta hau ko ta sauka, domin idan farashi ya faɗi kuɗin nan zai saya maka da yawa, idan ya hau ya saya kaɗan. Kuma kada hannun jari ya wuce kashi 75 na jarinka ko ya gaza 25. Idan ɓangare ɗaya ya rinjaya, ka daidaita.

To ai ETF kwando ne da aka zuba hannayen jarin kamfanoni da dama, kai kuma ka sayi yanki a kasuwa kamar hannun jari guda. Rarrabawar da a zamaninsa sai mai ƙumbar susa, yau da ɗan kuɗi ka samu. Har a kasuwar hannun jari ta Najeriya akwai su, ciki da na Lotus mai bin kamfanonin da suka dace da shari'a. Sai dai saboda ana iya saye da sayarwa kowane minti, da yawa sun mayar da shi caca. A ganina da dattijon ya ga haka, kai kawai zai girgiza.

Wani abin dariya: ribarsa mafi girma ta zo ne ranar da ya karya dokarsa. A 1948 ya zuba kusan rubu'in asusunsu ya sayi rabin kamfanin inshora na GEICO da dala dubu 700 da 'yan kai, kuma ribar ta zarce ta sauran cinikinsu gaba ɗaya. Bai ɓoye ba, da kansa ya rubuta cewa akwai sa'a a ciki.

Ya koyar a Columbia shekaru masu yawa, cikin ɗalibansa akwai Warren Buffett, wanda ya yi masa aiki daga 1954 zuwa 1956, shekarar da Graham ya rufe kamfanin ya huta. Dab da ƙarshen rayuwarsa ya ce zurfafan binciken da ya koyar ba lallai su ƙara biyan wahalarsu ba, tunda yanzu kowa na yi. Ya rasu a kudancin Faransa ranar 21 ga Satumba, 1976, makonni kaɗan bayan John Bogle ya buɗe asusun farko na talakawa mai bin manyan kamfanoni 500 na Amurka. Asusun SPDR, wanda ya ɗauki tsarin ya kai shi kasuwa, ya fito a Janairun 1993.