MAI ALBARKA CYPRIAN MICHAEL IWENE TANSI: FIRIST KUMA ƊAN ZUHUDU

'Yan'uwa cikin Kristi, kowace shekara ranar 20 ga Janairu, Ikilisiyar Katolika a Nijeriya takan yi bikin tunawa da Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi. Ɗan ƙasarmu ne, wanda ya yi shekara goma sha uku yana yawon bishara ƙauye ƙauye, ya kuma yi wasu shekaru goma sha uku yana addu'a a ɓoye cikin gidan zuhudu. Wanda ya dubi rayuwarsa da kyau zai tarar cewa aiki guda ne ya yi a wurare biyun nan.

An haife shi a shekarar 1903 a Aguleri, cikin ƙasar Ibo, wurin da yanzu yake a Jihar Anambara. Iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya. Tun yana ƙarami aka kai shi wurin wani ɗan'uwansu malamin makaranta domin ya sami ilimi, a can ne kuwa ya ji labarin Yesu Kristi. Aka yi masa baftisma a shekarar 1912, aka ba shi suna Michael. A lokacin ƙuruciyarsa ya rasa ganin ido ɗaya, amma wannan bai hana shi karatu ba. Yana ɗan shekara 16 ya fara koyarwa, daga bisani ya zama shugaban makaranta a garinsu.

A zamanin nan malamin makaranta babban mutum ne, danginsa kuma sun sa rai shi zai riƙe gida. Saboda haka da ya bayyana niyyarsa ta zama firist, ba su yi na'am ba. Duk da haka ya shiga Seminarin Waliyyi Bulus da ke Igbariam a shekarar 1925. Bayan shekara goma sha biyu na karatu da gwaji, Bishop Charles Heerey ya naɗa shi firist a babbar majami'ar Onitsha ranar 19 ga Disamba, 1937.

Fada Tansi ya yi aiki a Nnewi, da Dunukofia, da Akpu, da kuma garinsu Aguleri. Yankunan nan suna da faɗi ƙwarai, firistoci kuwa kaɗan ne. Yakan tafi da ƙafa ko a kan keke zuwa ƙananan majami'u na ƙauye, ya koyar da katikisim, ya miƙa hadayar Mas, ya ziyarci marasa lafiya. Yakan zauna sa'o'i masu yawa yana jin masu furta zunubansu, wani lokaci har dare ya yi. In ana ginin majami'a ko makaranta, shi ma yakan shiga kwaɓa ƙasa tare da jama'a. Abincinsa kaɗan ne, ɗakinsa kuma bai fi na talakawan da yake yi wa hidima ba.

Ya damu ƙwarai da zaman iyali na Kirista. Ya kafa gidaje inda 'yan mata suke zama kafin aure, ana koya musu addini da sha'anin riƙon gida, domin a ɗaura aurensu a gaban bagade. Ya tsaya wa mata a kan al'adun da suke wulakanta su. Mutum ne mai tsanani, ba ya sassauci a kan abin da ya ga zunubi ne, har waɗansu sukan ji tsoronsa. Amma jama'a sun shaida cewa tsananin da yake yi wa kansa ya fi wanda yake yi wa kowa. Yara maza da yawa da suka tashi a hannunsa sun zama firistoci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Francis Arinze, wanda ya yi wa baftisma a shekarar 1941, wanda kuma ya zama Kadinal a 1985.

Ina ya sami ƙarfin wannan aiki duka? Waɗanda suka zauna da shi sun ba da shaida cewa sukan tarar da shi a durƙushe gaban Sakramenti Mafi Tsarki, da asuba da kuma cikin dare. Abin da ya karɓa a gaban bagade shi yake kai wa mutane a ƙauye.

Da Bishop Heerey ya nuna marmarinsa na a kafa gidan zuhudu a Nijeriya, Fada Tansi ya miƙa kansa. A shekarar 1950, bayan ziyarar ibada zuwa Roma, ya shiga gidan zuhudu na Mount Saint Bernard a Ingila, na 'yan zuhudun da ake kira Trappist. Yana da shekara kusan 47 a lokacin. Mutumin da dubban jama'a suke jin maganarsa ya koma na baya duka, yana biyayya kamar sabon almajiri. Ya jira fiye da shekara biyu kafin a karɓe shi cikin masu koyon zuhudu, aka ba shi suna Cyprian. Ya ɗauki wa'adinsa na har abada a shekarar 1956.

Zaman bai zo masa da sauƙi ba. 'Yan zuhudun nan sukan tashi tun cikin dare domin rera Zabura, suna yini cikin shiru, suna aikin hannu, ba sa cin nama. Sanyin Ingila ya dame shi, ga kewar gida. Ya yi aiki a ɗakin cin abinci da wurin ɗinkin littattafai, ba wa'azi, ba taron jama'a. Yawancin 'yan'uwansa na gidan ba su san irin aikin da ya bari a Nijeriya ba, gama ba ya faɗa.

Gwaji mafi girma ya zo daga baya. Sa'ad da lokacin kafa sabon gidan ya yi, shugabanni suka yanke shawara a kafa shi a ƙasar Kamaru, kusa da Bamenda, maimakon Nijeriya. Abin da ya bar ƙasarsa dominsa ke nan, ya kuma yi shekaru yana jira. Abin ya yi masa zafi, amma ya karɓa a matsayin nufin Allah. Aka zaɓe shi ya zama mai horar da sababbin 'yan zuhudu a can. Ko wannan ma bai samu ba, domin ciwo ya kama shi kafin tafiya. Ya rasu a asibitin Lesta ranar 20 ga Janairu, 1964.

A shekarar 1986 aka dawo da gawarsa Onitsha. Ranar 22 ga Maris, 1998, a Oba kusa da Onitsha, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka a gaban babban taron jama'a. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan daraja.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai katikis, da 'yan zumuntar mata, da mawaƙa, da matasa, waɗanda suke ɗawainiya a majami'a har gajiya ta kama su. Akwai kuma waɗanda tsufa ko ciwo ko canjin wurin aiki ya zaunar da su, suna ganin kamar amfaninsu ya ƙare. Rayuwar Fada Tansi tana da magana ga dukansu. Mai aiki ya koma ga addu'a kafin rijiyarsa ta ƙafe. Wanda aka zaunar kuwa ya sani addu'arsa ma aikin bishara ce. Bari mu roƙi Allah ya ba firistocinmu da mu duka irin wannan zuciya, ya kuma gaggauta ranar da za a lasafta bawansa cikin waliyyai.

Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, yi addu'a dominmu. Amin.