Harold Urey: Malamin Ƙauye Da Ya Kai Bincikensa Har Wata

Masu karatu, a wurin masanan kimiyya akwai wata hanya ta auna mutum. Sukan ƙirga takardun binciken da ya buga, su kuma ƙirga sau nawa waɗansu masana suka ambaci sunansa cikin nasu takardun. Yau za mu dubi wani wanda wannan ma'auni bai iya ɗaukarsa duka ba.

An haifi Harold Urey a shekara ta 1893 a garin Walkerton, jihar Indiyana ta Amurka. Mahaifinsa malamin makaranta ne, mai wa'azi kuma a Ikilisiyar 'Yan'uwa, wadda masu bisharanta suka sauka Garkida a 1923. Yaron yana da shekara shida uban ya rasu. Da ya gama sakandare sai ya shiga koyarwa a makarantun ƙauye, daga nan ya tafi jami'a ya karanta ilimin dabbobi. Daga baya ne ya koma ilimin sinadarai, ya sami digirin dokta a 1923.

A ƙarshen 1931, a Jami'ar Kolombiya ta birnin New York, shi da abokan aikinsa biyu, Brickwedde da Murphy, suka gano wani irin haidirojin mai nauyi ninki biyu na wanda aka sani. Sun daskarar da iskar ta zama ruwa, suka bar ta tana tashi sannu a hankali har saura ɗan kaɗan, a cikin ragowar nan suka same shi. Aka ba Urey lambar Nobel a 1934. Bai je Suwidin karɓa ba, domin matarsa tana gab da haihuwa. Kuɗin lambar kuwa ya raba da mutanen nan biyu.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shugabanci masu neman hanyar tace yuraniyom domin bam ɗin nukiliya. Bayan yaƙi ya yi ta gargaɗi a kan haɗarin makamin da hannunsa ke ciki.

Takardarsa ta 1947 ita ce har yau masana ke yawan komawa gare ta. A ciki ya nuna cewa oksijin ma yana da mai nauyi da mara nauyi, kuma yawan kowanne a cikin ɓawon dabbar teku ya dogara ga zafin ruwan da ta girma a ciki. Ashe ke nan ɓawon da ya daɗe a ƙasa yana riƙe da labarin zafin tekun zamaninsa. Da wannan dabara shi da ɗalibansa suka karanta lokutan zafi da na sanyi a jikin wata dabbar da ta mutu miliyoyin shekaru da suka wuce.

Daga nan hankalinsa ya tashi sama. A 1952 ya buga littafi a kan yadda duniyoyi suka samu. A shekarar nan kuma ɗalibinsa Stanley Miller ya rufe ruwa da waɗansu iskoki cikin kwalba, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki kamar walƙiya. Cikin mako guda sai ga sinadaran da ake gina furotin da su. Mu lura, tubali ne aka samu, ba rai ba, kuma masana da yawa yanzu suna ganin iskar duniya ta farko ta sha bamban da wadda aka zuba a kwalbar. Abin da ya fi burge mu shi ne, da aka zo bugawa a 1953, Urey ya ce kada a sa sunansa. Ya san in an ga sunan mai lambar Nobel, ba wanda zai tuna da ɗalibin. Saboda haka duk mai ƙirga ambato, wannan takarda a lissafin Miller zai same ta.

Da ya cika shekara 65 ya koma San Diego, inda ya rubuta takardu 105, guda 47 a kan wata. Ya daɗe yana cewa wata bai taɓa narkewa ba tun farkonsa. Duwatsun da jirgin Apollo 11 ya kawo a 1969 suka nuna tsohon aman wuta ne, dattijon ya karɓi shaidar, ya gyara ra'ayinsa.

Ya rasu ran 5 ga Janairu 1981, aka kai shi Indiyana aka binne. Akwai wani rami a fuskar wata mai ɗauke da sunansa.